Jirgi Bisa Turmi

Tafkin Madarumfa ya ja da baya,
ya bar laka tana darewa kamar faso a diddige.
Muka ɗora jirgin Baba bisa kura,
shanu biyu suka ja shi har ƙofar gida,
ƙafar hagu na ta kuka tun daga bakin ruwa.

Tankari mai walda ya duƙa, ya leƙa, ya ja tsaki:
"Tsatsa ta cinye ƙarfen, boris ya zube.
Ku sauke mini kayanku,
ba na kunna wuta ƙarƙashin katako."
To, mu sauke shi ina?
Ƙasa akwai gara,
kuma jirgin da ya kwana da cikinsa a turɓaya
da ƙusumbi yake tashi.

Baba na gindin bedi bisa buzu,
damina uku ke nan yana ta rufe masa ido,
amma ko motsin igiya ba ya wuce kunnensa.
Ya ce, "Kada ku tokare shi inda kuka ga dama.
Ku laluba haƙarƙari.
Nan ne ya saba ɗaukar nauyi."

Muka aro jak wurin Miko, direban hanyar Ɗan Isa.
Na ɗaga baya taki ɗaya, Nomau ya cusa buhun yashi,
na ƙara taki, ya ƙara buhu.
Goshi ya samu kututturen gawo.
Tsakiya ta rage,
babu buhu, babu itace, ga rana ta take.
Sai idona ya faɗa kan turmin Inna.

"Turmin aurena?" in ji ta. "Ku da Allah!"
Amma ita ta mirgino shi da kanta,
ta kife shi, ta ɗora masa guntun taya kamar gammo.

Ba mu sa shanu ba.
Da hannu muka zare kura, a hankali,
yadda ake zare hannu daga ƙarƙashin yaron da ya yi barci.
Katako ya yi ƙara sau ɗaya, ya yi shiru.
Ga jirgi tsaye a iska,
kaji har sun shige inuwarsa.

Na kwanta rigingine, na ja jiki na shiga.
Shekara ashirin ina taka cikinsa,
ban taɓa ganin bayansa ba.
Ga gwangwanin tumatir an daddale da ƙusa tara,
ga gindin butar da aka ce ta ɓata ina yaro,
ga kwalta ta daskare da shatin babban yatsa.
Ashe bisa wannan muke cin tuwo.
Na duba kaf, na fito na ce lafiya lau.

Baba ya ce a kai shi.
Ya bi gefe yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
sai wani wuri ya amsa kamar kabewa.
"Nan."
Na soka wuƙa, itace ya zubo kamar dusa.
Ban ce komai ba, shi ma bai ƙara ba.

Kwana tara muka yi.
Sabon katako, auduga, kwalta a tsohuwar tukunya,
can gefe Tankari na watsa tartsatsi,
yana shafa giris, yana ƙara kuɗin aiki.
Inna kuwa kullum da damin gero a ka,
sai gidan Tsayabu, aron turmi,
tana tafe tana faɗa wa unguwa abin da muka yi mata.

Ran na tara da la'asar Baba ya yunƙura zai tashi,
gwiwa ta ƙi.
Na kai hannu zan ja shi ta wuyan hannu yadda na saba,
sai na fasa.
Na zura hannuna ta ƙarƙashin hamata,
na laluba haƙarƙari.
Bai kai nauyin rabin buhun yashi ba.

Ya ce, "An yi walƙiya a gabas jiya, ko?"
Na ce an yi.
Ya ce, "To, ku mayar wa matar nan da turminta."